Yadda na haɗa hoton biki mai gudu iri uku a faifan DVD ɗaya

Aikin daga Argungu ya zo, hoton biki ne, kuma masu shi faifan DVD suke so, kwafi 30. Matasan gidan sun riga sun raba nasu ta WhatsApp, amma dattawa da dangin da ke Kangiwa da Kamba da tsallaken iyaka a Gaya faifai suka sani: a sa a na'ura, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kalla tare.

Abin da aka kawo kashi uku ne. Akwai na babbar kyamara, wadda ta ɗauki ɗaurin aure da walima. Akwai na wayoyi huɗu, domin kamu da ƙunshi a cikin gida aka yi, inda namiji mai kyamara ba ya shiga, sai ƙawayen amarya suka ɗauka. Na ukun wani tsohon kaset ne na Mini DV da uban ango ya adana, na bikin kamun kifi a Matan Fada, shi ma yana cikin masuntan da suka faɗa ruwa da homa da gora. Ya ce a sa masa shi a faifan.

Kafin in yanka komai sai da na buɗe kowane fayil da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil ɗin hoto. Babbar kyamara ta ba ni ɗigo 1920 a 1080, firem 50 cikakku a sakan (firem shi ne kowane hoto ɗaya cikin jerin da ke haɗa fim). Wayoyin sun ce firem 30, amma a ƙasa an rubuta cewa gudun mai canzawa ne: in haske ya yi ƙasa waya kan rage yawan firem da kanta, ta koma sama in ya dawo. Ɗaya daga cikinsu iPhone ce mai ɗaukar HDR, wato hoto mai faɗin haske fiye da na yau da kullum, abin da suka fara tun iPhone 12 a 2020. Kaset kuwa, bayan na kwashe shi ta kebul ɗin FireWire, ya fito 720 a 576, firem 25, hoton saƙa (bayaninsa na nan tafe). Gudu uku ke nan, 50 da 30 da 25, shi kuwa faifai gudu ɗaya yake karɓa.

DVD ba ya ciniki. A tsarin PAL, wanda muke kai a Najeriya saboda wutarmu mai bugu 50 ce a sakan, hoto ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, firem 25, a matse da tsarin matsi da ake kira MPEG-2. Tsarin NTSC na Amurka 720 a 480 ne, firem 29.97. Yawancin na'urorin da ke kasuwarmu suna kunna duka biyun, don haka da a ce rinjayen hoton na waya ne, da NTSC zan yi in huta da juya gudu. Amma a nan sama da awa ɗaya na babbar kyamara ne, kaset ma PAL ne, sai ya zama wayoyin ne za su biyo layi.

Firem 25 ɗin nan na DVD yana da fuska biyu, kuma a nan ne masu tace hoto da yawa suke asarar rabin abin da kyamara ta ba su. Ana iya cika shi da hotuna cikakku 25. Ana kuma iya saƙa shi: kowane firem a raba shi biyu, layukan mara 288 su ɗauki wani lokaci, layukan cika 288 su ɗauki lokacin da ke biye, sai talabijin ta nuna motsi sau 50 a sakan. Wanda ya ɗauka da 50 ya fitar da cikakku 25 ya zubar da firem ɗaya cikin kowane biyu, kuma zai ga haka duk sanda kyamara ta juya tana bin sahun mutane. Ni na zaɓi saƙa. Wato duk aikin tacewa a firem 50 zan yi shi, sai a matakin ƙarshe in saƙa.

Gwajin farko na yi shi da gaggawa, na jefa komai a layin tacewa ɗaya na bar manhaja ta yi abin da ta ga dama. A kwamfuta ba laifi. Da na buga a DVD-RW, faifan da ake iya gogewa a sake bugawa, na kai wa uban ango ya gani a talabijin ɗinsa mai doro, yana zuwa kan hoton ruwa ya ce, "Malam, mi as samu hoton ga? Mutane na rawar ɗari." Na ce, "Alhaji, kuskurena ne, a ba ni kwana biyu." Abin da ya faru shi ne, hoton DV rabin firem na ƙasa yake fara nunawa, ni kuwa na gaya wa faifan ya fara da na sama. Sai motsi ya riƙa tafiya gaba taki uku, baya taki ɗaya, sau 25 a sakan. Manhajar kallo a kwamfuta takan nuna rabi biyun a haɗe, shi ya sa ba a gani a can. Hoton wayoyin kuma yana tsalle-tsalle, don manhajar ta maida 30 zuwa 25 ta hanyar jefar da firem ɗaya cikin kowane shida, tsalle biyar a kowane sakan.

Na warware komai na koma farko, na fara da wayoyin, don su ne masu wahala.

Matakin farko shi ne tsaida gudu. Na bi kowane fayil da FFmpeg, manhajar juya hoto da sauti, na maida shi 30 tsayayye, sauti kuma samfuri 48,000 a sakan, na ajiye a ProRes, tsarin ajiya mai ƙarancin matsi, don kada in yi ta matse hoto kan matsi. In ba a yi haka ba, a farkon fayil baki da murya suna tare, amma bayan minti goma sai ka ga mai guɗa ta rufe baki guɗar tana ci gaba. Na iPhone sai da na sauke haskensa daga HDR zuwa na yau da kullum, in ba haka ba hoton fari-fari yake fita kamar an shanya shi a rana.

Sai yashi, wato tsaki-tsakin nan da ke tafasa a hoton dare. Kamu da dare aka yi, ƙwan sola biyu ne a tsakar gidan, wayoyin sun ƙure ƙarfinsu don su gani. Dole a share yashi kafin a juya gudu, domin manhajar da ke ƙirƙiro firem motsi take bi, yashi kuwa motsin ƙarya ne a kowane ɗigo. Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. MPEG-2 yana tsimi ne ta hanyar duba abin da ya canza tsakanin firem da firem, yanki-yanki na ɗigo 16 a 16. Bango bai motsa ba, sai ya ce a maimaita na baya. Amma in bangon cike yake da yashi, kowane firem sabo ne a wurinsa, sai ya kashe rabon da ya kamata fuskar amarya ta samu a kan bangon siminti. Ƙarshenta fuska ta fashe gida-gida, bangon ma bai yi kyau ba.

Shara iri biyu ce. Akwai ta cikin firem ɗaya, mai daidaita ɗigo da maƙwabtansa, tana cin kaifin hoto. Akwai ta tsakanin firem da firem, mai kwatanta ɗigo da kansa a baya da gaba, ita ba ta cin kaifi amma in ta yi yawa mai tafiya zai riƙa jan inuwa a bayansa. Matatar hqdn3d da ke cikin FFmpeg tana da lambobi huɗu: haske a cikin firem, launi a cikin firem, haske a tsakanin firem, launi a tsakanin firem. In ba ka taɓa ta ba tana kan 4 da 3 da 6 da 4.5. Wannan ya yi wa fatarmu yawa ta wajen haske, ya yi kaɗan ta wajen launi. A baƙar fata cikin duhu abin da ya fi ɓata ido shi ne ɗigon ja da kore da shuɗi da ke yawo a kumatu, don haka na juya lissafin, na sa 1.5 da 4 da 4 da 7. Waya ɗaya da hotonta ya fi lalacewa na kai ta Neat Video, wata manhajar share yashi, na nuna mata wani fili a bango inda babu komai sai yashi, ta ɗauki samfuri daga nan, sannan na sauke ƙarfinta na haske zuwa wajen rabi.

Ma'aunina a nan fuskar tsofaffi ne. Akwai wata gwaggon amarya mai tsagar Kabawa a kumatu. Duk sanda na ƙara ƙarfi sai in koma kanta. In tsagar ta fara dushewa, fuska ta yi sulɓi kamar ta 'yar tsana, to na wuce gona da iri. Haka zanen lalle a hannun amarya. Kuma hukuncin a girman DVD ake yanke shi, ba a 1080 ba. Hoton 1920 a 1080 ɗigo 2,073,600 ne, na DVD 414,720, daidai kashi ɗaya cikin biyar. Rage girman kansa yana narkar da ƙananan yashi da yawa, saboda haka wanda ya goge hoto tas a 1080 ya yi shara biyu.

Abin da ban iya gyarawa sosai ba shi ne layukan duhu masu gangarowa a wani ɓangaren da aka ɗauka bayan an tada janareta. Fitila a wuta mai bugu 50 tana ƙiftawa sau 100 a sakan, waya kuma tana buɗe ido da lissafin 60, sai su saɓa. Mai kyamara yakan kauce wa wannan da sa shota, wato tsawon buɗe idon kyamara, a 1/50 ko 1/100 na sakan, ko da yake ƙaramin janareta ba ya tsayawa cak a kan 50, yakan yi sama da ƙasa da nauyin kayan da aka ɗora masa. Na rage abin da ya ragu, sauran na yanke na rufe da wani hoton.

Daga nan sai juya 30 zuwa 50. Firem uku ne za su cika gurbi biyar, kuma cikin biyar ɗin ɗaya ne kawai ya faɗo daidai kan lokacin firem na asali. Hanyoyi uku na yi amfani da su, ba ɗaya ba, gwargwadon abin da ke cikin hoton.

Inda mutane ke zaune ana nasiha, ko amarya na tafiya a hankali, na bar matatar minterpolate ta ƙirƙiro firem na tsakiya ta hanyar bin motsi. Tana da jinkiri ƙwarai, hoton minti biyar kan cinye dare a ƙaramar kwamfuta, amma sakamakon santsi ne. Sai dai tana da inda take haukacewa: tafi, liƙi, gefen mayafi in an kaɗa shi, walƙiyar fitilar masu ɗaukar hoto, da atamfa mai zane iri ɗaya a jere, inda ba ta san wane fure ne ya koma ina ba. A nan za ka ga hannu ya narke, ko takardar kuɗi ta rabu biyu a iska. Dole ka bi wuraren nan firem bayan firem.

A wuraren rawa da liƙi sai na koma maimaitawa kawai: firem na farko sau biyu, na biyu sau biyu, na uku sau ɗaya. Akwai ɗan ɗingishi, amma ba a zubar da firem ko ɗaya ba, kuma a cikin hayaniyar rawa ido ba ya kama shi. Wannan wata riba ce ta aiki a 50. A 25 ba ka da wannan zaɓin sai zubarwa ko cakuɗa firem biyu su ba ka hoto mai inuwa.

Hanya ta uku ta fi kowacce tsabta, amma sai inda ba a buƙatar sautin wurin, kamar jeren kayan ɗaki da hannu ana zana lalle. Sai ka gaya wa manhaja ta karanta firem 30 ɗin a matsayin 25. Hoton zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, sakan 60 ya koma 72, babu firem da aka ƙara ko aka cire, ka ɗora kiɗa a kai.

Kaset ɗin ruwa kuwa, gyaransa shi ne in bar shi yadda yake. Siffarsa 4:3 ce, sauran aikin 16:9, kuma DVD yana yarda a sa kowanne a rukuninsa daban da siffarsa. Sai na ware shi ya zama fim na biyu a menu, na bar saƙarsa, na gaya wa manhajar matsewa cewa rabin ƙasa ne farko. Sautinsa 32,000 ne, na ɗaga shi zuwa 48,000. Shara kaɗan na yi masa, ta launi kawai. Dubban mutane a ruwa, feshi ta ko'ina, matata ba ta bambanta feshin ruwa da yashi. In ka matsa mata sai kogin ya koma kamar kunu. Sakan 40 kawai na ciro daga ciki don buɗe babban fim, su ne na warware saƙarsu da matatar QTGMC zuwa firem 50, na sa su a tsakiya da baƙi a gefe biyu. Ban ja su su cika allo ba, don na tsani ganin mutum ya yi faɗi kamar kwaɗo.

Bayan an gama tacewa a 1080 da firem 50, saukowa zuwa DVD tana da abubuwa uku da ba a tsallakewa. Na ɗaya launi: hoton HD da lissafin BT.709 yake, DVD da BT.601, in ba a juya ba ja da kore sukan kauce, anko ya fito da launin da ba shi aka saya ba. A nan ne kuma nake duba haske ya tsaya tsakanin 16 da 235 a ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 255, don farar shadda da tsakar rana takan haura, aikin wuyan riga ya ɓace cikin fari. Na biyu girma: 720 a 576, hoton zai yi kamar an matse shi ta gefe, mutane sirara, daidai ne, alamar 16:9 da ke cikin fayil ita za ta sa na'ura ta buɗe shi. Kada a sa baƙi sama da ƙasa, asarar layuka ce. Na uku, kafin saƙa a ɗan tausasa hoton ta tsaye. Duk layin da kaurinsa ɗigo ɗaya ne zai faɗa a rabi ɗaya kawai, ya riƙa bayyana yana ɓacewa sau 25 a sakan. Zanen hula, aikin aska takwas a babbar riga da kwanon rufi su ne ke fara ƙyalƙyali. Matatar saƙa ta FFmpeg tana da wannan tausasawar a cikinta, kada a kashe ta.

Lissafin wuri na yi shi a takarda. Faifan da aka rubuta wa 4.7 GB, kwamfuta 4.37 take ganinsa, kilobit 37,600,000 ke nan a taƙaice. Na cire kusan kashi huɗu cikin ɗari don menu da haɗin sauti da hoto, saura 36,000,000. Babban fim minti 96 ne, na ruwa minti 14. Ban raba daidai ba: ruwa ya fi komai cin wuri, na ba shi kilobit 7,500 a sakan, da sauti 192, sau sakan 840, ya ci wajen 6,461,000. Ragowar na raba wa sakan 5,760, ya ba ni 5,128, na cire sauti, na tsaya a 4,900. Faifai mai hawa biyu na 8.5 GB zai ba da sarari, amma ya fi tsada, kuma tsofaffin na'urori sukan tsaya a wurin sauya hawa in bugun gida ne.

Wajen matsewa zuwa MPEG-2, manhajar HCenc na yi amfani da ita, zagaye biyu: na farko ta karanta fim ɗin ta san inda ke da wuya, na biyu ta raba wurin gwargwadon haka. Ƙa'idar DVD ta yarda hoto ya kai kilobit 9,800, jimilla da sauti 10,080, amma na sa rufi a 8,000, domin faifan da aka buga a kwamfuta ba ya maido haske kamar na masana'anta, na'ura mai ƙura a ido kuma sai ta fara sarƙewa daidai wurin da ya fi motsi. Rukunin firem, wato tazarar da ke tsakanin firem cikakke da na gabansa, na bar shi 12, iyakar PAL 15 ce, da firem B biyu a tsakani, su ne waɗanda ake ginawa daga na baya da na gaba. Na kunna saitin hoton saƙa, babban fim rabin sama farko. Daidaiton DC, wato saitin da ke tsare santsin haske a fili mai launi ɗaya, na sa shi 10, saboda sararin sama mai hazo da bangon dare su ne ke fitowa hawa-hawa kamar matakala in ya yi ƙasa. Sauti a tsarin AC-3 yake, kilobit 192, na sauke ƙarar lasifikar walima don kada ta fashe a ƙaramar talabijin.

Menu da DVDStyler na haɗa shi, maɓalli biyu da jerin babi takwas, rubutu manya, nesa da gefe da kamar kashi goma cikin ɗari, don talabijin mai doro tana cinye bakin hoto. Abin lura shi ne a hana ta sake matse hoton da aka riga aka matse. In ka ga ta ɗauki awa tana aiki maimakon 'yan mintuna, to ta sake, a tsayar da ita. Ta fitar da jakar VIDEO_TS, fayilolin VOB kowanne bai wuce gigabait ɗaya ba, na maida ita ISO, wato fayil ɗaya mai ɗauke da faifan duka, na buga da manhajar ImgBurn a gudu 6, tare da tantancewa bayan bugu. Kwamfutar a kan inbata take, don ɗaukewar wuta a tsakiyar bugu faifai ɗaya ne ya tafi.

Kwafi ɗaya na fara bugawa. Na kalle shi a talabijin mai doro, inda kuskuren saƙa da ƙyalƙyali ke fitowa fili, sannan a filasma, inda yashi da fashewar fuska suka fi bayyana, da na'ura biyu, ɗaya tsohuwa da gangan. Na tsallaka babi-babi, na duba baki da murya a wurin Fatiha da kuma mintin ƙarshe. Wuri ɗaya ya fito, a minti na 71, inda hannun mai kalangu ya narke. Na maida sakan tara ɗin zuwa maimaitawa, na sake matse babban fim, sannan na buga sauran. Sunan ango da amarya da alƙalamin faifai na rubuta, ban liƙa takarda ba, don zafin Kebbi yana ɗaga ta, faifai ya rasa daidaito a cikin na'ura. ISO ɗin da babban fayil mai firem 50 na ajiye su a ma'aji biyu, daga shi ne kuma na fitar wa matasan MP4 na waya.